An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Na daɗe ina haɗiye wata magana, yau kuwa ta ƙi haɗiyuwa, don haka na ɗauki alƙalami. Wanda maganar ta taɓa ya yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ran Asabar 14 ga Satumba, 2024, da safe, wani jirgin fito ya kife a gulbi kusa da Gummi, cike da manoma masu zuwa gonakinsu na ƙetare. Waɗanda suka halaka sun fi mutum 40. Kafin wannan, ran 26 ga Mayu, 2021, wani jirgi mai ɗauke da mutum fiye da 150 ya dare a Kwara wajen Wara ta ƙasar Kabi, waɗanda suka tsira kaɗan ne. A ƙarshen watan Nuwamba na shekaran nan kuma mutum 29 suka nutse a Bagwai ta ƙasar Kano, mafi yawansu 'yan makarantar Islamiyya. A watan Yuni, 2023, 'yan biki fiye da 100 suka halaka wajen Patigi. Allah ya jiƙansu, ya ba danginsu haƙuri.

To, duk sa'ad da irin wannan ta auku, mun riga mun haddace abin da ke biyo baya. Manya su zo da motoci su yi ta'aziyya, a raba rigunan kariya a gaban masu ɗaukar hoto, a yi alkawari, sa'an nan kowa ya koma gida, sai wani jirgin ya sake kifewa. Yanzu kuma an fito da sabuwar fatawa, wai laifin katako ne, wai a hana jirgin katako a koma na roba da na ƙarfe. Na ji wannan magana daga bakin manyan hukuma, na kuma ji ta daga bakin wani malami abokin aikina, wanda ya ƙara da cewa sassaƙar jirgi sana'ar jahilai ce, zamani ya wuce ta. Da shi da su nake jayayya yau. Na ce an bar jaki ana dukan taiki.

Watakila wani ya ce, kai malamin Bagega, ina ruwanka da jirgi, ku da ba ku san kome ba sai noma da haƙar zinariya? Ruwana kuwa da yawa. Gulbin Zamfara na arewa da mu, Gulbin Ka na kudu, in damina ta nutsa 'yan'uwanmu na ƙasar Anka da Bukkuyum da Gummi ba su da hanyar gona ko kasuwa sai ta bakin mafita. Bayan wannan, mu mutanen Bagega an koya mana wani karatu mai tsada wanda ba mu so a sake koya wa kowa. A shekarar 2010 yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har suka wuce 400. Da fari wasu suka ce iska ce, wasu suka ce annoba. Sai da masana suka zo suka auna jinin yaran, suka auna ƙasar tsakar gida, sa'an nan aka gane gubar dalma ce daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje. Da aka kankare ƙasar garinmu a 2013, aka yi wa yara magani, mutuwar ta ja da baya. Ajali na hannun Allah, babu mai musu, amma abin da ya tsai da wannan masifa, da ikonsa, awo ne. Abin da jiragenmu suka rasa ke nan.

Bari mu fara da zargin da ake yi wa katako. A ƙasar Suwidin, Sarki Gustaf Adolf ya sa aka gina masa wani ƙaton jirgin yaƙi mai suna Vasa, irin waɗanda ake kafa wa dogayen itatuwa a ɗaura manyan ƙyallaye iska ta tura. Aka jera masa igwa 64 ta tagulla, aka yi masa ado irin na gidan sarauta. Kafin ya tashi aka gwada shi, aka sa mutum 30 su riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan. Sau uku kawai suka yi, jirgin ya kama tangaɗi, har aka tsai da su don kada ya kife a nan inda yake ɗaure. Kowa ya ga aibin, amma sarki na jiran jirginsa, ba wanda ya iya buɗe baki. Ran 10 ga Agusta, 1628, ya tashi, jama'ar birni sun cika gaɓa suna kallo. Bai yi tafiyar mil guda ba wata 'yar iska ta kaɗa, ya karkata, ruwa ya shiga ta tagogin igwa, ya nutse da mutum wajen 30. Sai 1961 aka tsamo shi, yana nan yau a ɗakin ajiya a birnin Istokholm, katakonsa na nan bayan shekara 333 a ƙarƙashin ruwa. Ashe katakon lafiyarsa lau. Nauyin jirgin ne ya yi yawa a sama, cikinsa kuwa bai yi faɗin da zai riƙe shi ba.

Shin mutanen Suwidin sun hana jirgin katako? Ko kusa. Abin da suka yi daga baya shi ne suka sami mutum irin Fredrik Chapman, wanda aka haifa a 1721, ya tashi cikin masassaƙa yana riƙe da gizago, sa'an nan da girmansa ya tafi Landan ya zauna gaban malamin lissafi ya koya. Ya yi yawo a Ingila da Holan da Faransa yana auna jiragen mutane yana zanawa. A 1768 ya buga littafin zanen jirage, a 1775 ya buga wani mai bayyana lissafin gininsu, watau yadda za a san nauyin da jirgi zai ɗauka da iyakar karkatar da zai jure tun ba a sare itace ko ɗaya ba. Sarkinsu ya ba shi sarauta, ya rasu a 1808 da girmansa.

Amma wanda na fi so ku sani shi ne Colin Archer na ƙasar Norwe, domin shi talakawa ya yi wa aiki. An haife shi a garin Larvik a 1832, iyayensa baƙi ne daga Sikotilan. Da ƙuruciya ya tafi Ostireliya ya yi kiwo tare da 'yan'uwansa, ya komo gida a 1861. Bai shiga makarantar ginin jirgi ba, littattafan su Chapman ya karanta da kansa. Ya tarar teku na cin masunta da masu yi wa manyan jirage jagora kowace shekara, mata na zama gwauraye, kowa na cewa haka teku take. Shi kuwa sai ya tafi wurin jiragen gargajiya na mutanensa, masu tsini gaba da baya, ya auna su, ya riƙe abin da kakanni suka gane, ya gyara abin da suka kuskure. Babban gyaransa shi ne ya sauko da nauyi ƙasa, ya ɗaura ƙarfe mai nauyi a ƙashin bayan jirgi can ƙarƙashin ruwa, yadda in iska ta kwantar da shi zai miƙe da kansa. A 1893 ya gina jirgin ceto na farko na ƙungiyar ceton ƙasarsu. Shekara na kewayowa, a watan Mayu, 1894, hadari ya rutsa da masunta a wani ƙauye mai suna Hamningberg can arewa, wannan jirgi ya shiga inda wani bai iya shiga ba, ya fito da mutum 36 da rai.

Shi ne kuma ya gina Fram, wanda aka saka a ruwa a 1892, don tafiya tekun ƙanƙara inda ƙanƙara ke matse jirgi ta murƙushe shi. Ya yi wa cikinsa siffar ƙwarya, babu inda ƙanƙara za ta kama, in ta matso sai jirgin ya sulluɓe sama kamar ɗiyan guna tsakanin yatsu biyu. A tafiyar Nansen jirgin ya shekara uku a ƙanƙarar arewa daga 1893 zuwa 1896, ya komo lafiya. Amundsen kuma da shi ya tafi kudu, tafiyar da ya kai ƙarshen duniya na kudu a 1911. Archer ya gina jirgi fiye da 200 kafin ya rasu a 1921. To, abokina, da me aka yi Fram? Da katako. Da me aka yi jirgin da ya ceci mutum 36? Da katako. Jirgin roba kuwa, in ka ɗora masa mutum 70 alhali na 30 ne, zai nutse kamar ɗan'uwansa, ruwa ba ya tambayar da me aka yi ka.

Sai mu komo ga zargi na biyu, wai sassaƙar jirgi aikin jahilai ne, kuma wai abin na Turawa ne mu ba mu gada ba. Wannan magana rashin sanin tarihi ne. A 1987 wani Bafillatani makiyayi yana haƙar rijiya a Dufuna, ƙasar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani itace a ƙarƙashin ƙasa. Da masana suka tono shi a 1994 sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8 da 'yan kai, an sassaƙa shi sumul da tsini gaba da baya. Da aka auna shekarunsa aka tarar sun kai wajen 8,000. Duk Afirka ba a sami jirgin da ya girme shi ba, a duniya ma kaɗan ne. Sarakunan Sanwai suna da basarake musamman mai kula da jiragen Kwara, ana ce da shi Hi-koi. Kanta na Kabi, wanda ya tsaya wa Askiya ya kafa Surame wajen shekara 500 da suka wuce, da ruwa ya riƙe fadamar gulbinsa, har masu tarihi na ba da labarin wani babban jirginsa da aka lulluɓe da tagulla. Shi kansa Mungo Park, da ya so bin Kwara a 1805, tsofaffin jiragen masassaƙan Sansandin biyu ya haɗa ya mai da su ɗaya mai tsawon ƙafa 40, suka ɗauke shi tafiyar mil wajen dubu, ya wuce Yawuri, kafin duwatsun Busa su ci shi a 1806. Sarkawa da mutanen Yawuri har yau suna wannan sana'a. Muna zuwa Argungu, inda ake bikin kamun kifi tun 1934, mu yi ta tafi ga masu tseren jirgi, amma ban taɓa jin wanda ya tambayi sunan masassaƙin da ya yi jirgin da ya ci ba.

Kuma ina tuna wa abokina, shi da ya yi karatun allo kafin na boko, cewa Annabi Nuhu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da umurnin Ubangiji ya sassaƙa jirgi, kuma manyan gari ne suka riƙa wucewa suna yi masa ba'a. Mai raina masassaƙin jirgi ya duba da kyau ya ga sahun da ya shiga.

Amma fa kada masassaƙa su ce na wanke su sarai. Ilmin da suka gada na ido ne da hannu, an kuwa gina shi bisa abubuwan da suka sāke. Dā ana samun ƙaton maɗaci ko kawo a fafe jirgi daga gungume guda. Yau manyan itatuwa sun ƙare a dazuzzukanmu, sai a sayo katakon kasuwa mai laushi a haɗa da ƙusa, in ya tsage a liƙe da gwangwani da tsumma. Dā da gwangwala da filafili ake tuƙi a hankali, yau an ɗaura wa jirgin inji mai tura shi da ƙarfin da ba a yi shi dominsa ba. Dā kaya su ne damin dawa da akuya, yau har da babura da buhunan taki. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 kuma, kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suna nan a ɓoye suna jiran cikin jirgi. Idon kaka bai ga waɗannan ba, don haka gadonsa kaɗai ba ya isa. Nan ne ɗan makaranta ya kamata ya shigo da alƙalaminsa, nan ne kuwa muka ƙi shiga, mu malamai, domin muna ganin hannun da ya riƙe alli ya fi ƙarfin taɓa gizago. Laifin da na ɗora wa abokina, na ɗora wa kaina rabinsa.

Lissafin kuwa ba wani abin tsoro ba ne, ɗan aji shida ya iya shi. Wani Bayunane mai suna Arkimidis ya gano tushensa fiye da shekara 2,200 da suka wuce, cewa abin da ke iyo yana ture ruwa daidai nauyinsa. Lita guda ta ruwa kilo guda ce. Ga misali. A ce jirgi tsawonsa mita 10, faɗinsa mita ɗaya da rabi, zurfinsa santimita 60. Da yake goshi da wutsiya sun tsuke, a ce shimfiɗarsa bisa ruwa murabba'in mita 12 ce. Ke nan duk santimita guda da ya nutsa ya ture lita 120, watau kilo 120, nauyin mutum biyu matsakaita. In jirgin da kansa, ba kowa ciki, ya ci santimita 15, muka kuma bar 25 a sama saboda igiyar ruwa da tangaɗi, saura 20. Ashirin sau biyu, mutum 40 ke nan, ba kaya. Kowane buhun hatsi ko babur da aka ɗora, sai a rage mutum biyu. To, a zuba wa wannan jirgi mutum 70. Zai nutsa santimita 35 bisa 15 na fari, abin da ya rage tsakanin bakinsa da gulbi santimita 10 ne, faɗin tafin hannu. Mace guda ta firgita ta miƙe, mutum uku su karkata gefe guda, shi ke nan, sai salati.

Mikewar nan ma da dalilinta. Ɗora ƙoƙo bisa ruwa ka sa dutse a gindinsa, ka taɓa shi, zai yi rawa ya komo daidai. Kafa kara a cikinsa ka ɗaura dutsen nan a kan karan, ko hura shi ka yi sai ya kife. Abin da ya kashe Vasa ke nan, shi ne kuma abin da Archer ya gyara. Ruwan da ke kwance cikin jirgi mai yoyo shi ma maƙiyi ne, domin duk gefen da jirgi ya karkata can yake gudu ya ƙara masa nauyi. Na gwada wa yarana wannan da kwano da tsakuwa a bakin rijiyar makaranta, kafin a tashi tara duk sun gane. In yaro ya gane cikin sa'a guda, me ya hana a gaya wa mai fito?

Wani zai ce mai fito ya sani sarai, kwaɗayi ne ke sa shi lodi. Akwai wannan, kwaɗayi mabuɗin wahala. A Ingila ma haka aka yi, masu jirage suna cika ruɓaɓɓun jirage da kaya suna tura matuƙa ga mutuwa, har wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya tashi ya yi ta faɗa, aka yi doka a 1876 cewa a zana layi a jikin jirgi wanda ruwa ba zai wuce ba. Har yau manyan jiragen teku na ɗauke da wannan alama. Amfanin layi shi ne yana fitar da magana daga cikin kan mai jirgi ya ajiye ta inda kowa ke gani, har tsohuwar da ba ta san bihim ba ta iya nunawa ta ce ba ni shiga. Amma a yi wa mai fito adalci. Bayan abin da ya faru a Gummi, wani jami'in wurin ya shaida wa 'yan jarida cewa manoma fiye da 900 ke ƙetarewa kullum, jirgi kuwa biyu ne kacal. Mutum 900, jirgi biyu, rana na yi, ciyawa na cin gona, wa zai tsaya? Wanda ya ce a hana jirgin katako bai kawo ko ɗaya a madadinsa ba, biyun nan ma yake so ya raba su da su, su koma rungumar gora suna iyo kamar zamanin dā.

Ga abin da nake roƙo, ba kuwa mai tsada ba ne. Na ɗaya, kafin ruwa ya sauko kowace shekara, Sarkin Ruwa na kowace mafita da malamin lissafi na makarantar da ta fi kusa da masassaƙin garin su taru, a loda wa kowane jirgi buhunan yashi da aka san nauyinsu, a ga inda ya tsaya, a ja jan layi da fenti, a rubuta yawan mutanen a goshinsa da manyan lambobi. Hakimi ya tsaya a kan cewa in ruwa ya taɓa layi ba a tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Na biyu, makarantun koyon sana'a na Zamfara da Kabi da Sakkwato su buɗe ajin ginin jirgi, a ɗauko tsofaffin masassaƙan Yawuri da na bakin gulabenmu a ba su kujerar malami da albashi, yara su auna jiragensu su zana a takarda tun tsofaffin na da rai, domin ranar da aka binne masassaƙi an binne littafinsa tare da shi. Na uku, kuɗin da ake kashewa wajen zuwa ta'aziyya a ba masassaƙan gida su ƙara yawan jirage masu faɗin ciki da katako mai kyau, a kuma dasa maɗaci a bakin gulabe saboda jikoki. Rigunan kariya a ci gaba da rabawa, suna da amfani ƙwarai, amma riga maganin wanda ya riga ya faɗa ruwa ne, rigakafi kuwa ya fi magani.

Ku kuma 'yan'uwana malamai, mu daina koya wa yara cewa ƙarshen ilmi shi ne kujera da fanka. Cikin yaran da ke zaune gabanmu a Gummi ko Bukkuyum akwai ɗan masunci wanda ya san halin gulbi tun yana goye, ya kuma fi kowa lissafi a aji. In muka ce masa sana'ar ubansa abin kunya ce, za mu sami ƙarin magatakarda guda mai neman aiki a Gusau. In muka haɗa masa gizagon ubansa da alƙalaminmu, watakila shi ne zai yi wa Gulbin Zamfara abin da Archer ya yi wa tekun ƙasarsu.

Wanda ya ga kuskure cikin lissafina ko cikin hujjata, shafin nan a buɗe yake, ya rubuto, zan karɓi gyara da hannu biyu. Amma kada ya ce mini ƙaddara ce ya yi shiru, domin Hausawa sun ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Allah ya kiyaye masu fito da waɗanda suke ɗauka, ya sa mu ga damina lafiya. Haza wassalam.

Malamin makaranta, Bagega.